Robocopy ya tsaya, oga na son a wanke tsohuwar kwamfuta yau. In yarda?

Ɗan Sitidiyo: Assalamu alaikum manyan gida. Don Allah ina neman agaji kafin azahar. Jiya da daddare na saka robocopy, manhajar kwafar fayil ta Windows, ya kwashe duk aikin shagonmu daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabon had-dis na waje, hotuna da bidiyon bukukuwa, wasu ma ba a kai wa masu su ba tukuna. Kusan giga 600 ne. Da safe na tarar baƙin allon nan ya tsaya, ba ya motsi. Oga ya ce in wanke tsohuwar yau in zuba mata sabon Windows, ƙaninsa zai ɗauka. Ta yaya zan tabbatar komai ya wuce kafin in taɓa ta?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba abin tada hankali ba ne. Danna dama a kan foldar farko, ka shiga Properties, ka ga girmanta da yawan fayil. Ka yi haka a ta biyu. In sun zo ɗaya ka yi bisimilla ka wanke. Kullum haka muke yi a shago.

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka taɓa komai tukuna. Turo min umarnin da ka rubuta jiya, yadda yake, kada ka gyara ko harafi ɗaya.

Ɗan Sitidiyo: Ga shi Yallabai, wanda kuka taɓa turowa nan ne na kwafa:
robocopy D:\Aiki F:\Aiki /E /R:2 /W:5 /NP /LOG:C:\kwafi.txt

Tsohon Injiniya: Madalla, ka saka /LOG, to aikin ya zo da sauƙi. Duk abin da robocopy ya yi cikin dare ya rubuta shi a kwafi.txt. Buɗe shi da Notepad, ka danna Ctrl da End ka sauka can ƙasa. Abu biyu nake so ka duba. Na farko, akwai layin da ya fara da Ended tare da lokaci? In babu shi, babu kuma teburin lissafi a samansa, to aikin bai gama ba, yanke shi aka yi, ko wuta ta ɗauke ko wani ya rufe tagar. Na biyu, teburin kansa. Kwafo mana shi.

Ɗan Sitidiyo: Akwai Ended, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na asuba. Ga teburin:

           Total   Copied  Skipped  Mismatch  FAILED  Extras
Dirs :      1204     1203        1         0       0       0
Files :    41877    41868        0         0       9       0

Tsohon Injiniya: To ka gani. Tara a ƙarƙashin FAILED. Fayil tara ba su wuce ba. Wancan ɗayan da ke Skipped a layin Dirs kada ya dame ka, babbar foldar ce da ya tarar ka riga ka ƙirƙira. FAILED ne gidan da ido zai fara sauka, kuma sifili kaɗai ake karɓa a wurin.

Mai Gyara: Ai da ya bi shawarata ma da ya gano. Tara za su nuna a Properties.

Ƴar Linux: Za su nuna, Malam, amma ba za su faɗa masa waɗanne taran ba ne, ba kuma za su faɗa masa dalili ba. Cikin fayil dubu arba'in da ɗaya zai zauna yana neman tara da ido? Sannan ƙidayar Properties takan ruɗa mutum ta ɗaya ɓangaren. Windows kan ƙirƙiri 'yan fayilolinsa irin Thumbs.db da desktop.ini a cikin folda wani lokaci, sai ka ga adadi ya bambanta alhali ba abin da ya ɓata, ko kuma biyu sun ɓata biyu sun ƙaru, lissafi ya fito daidai kai kana murna.

Mai Gyara: Hajiya, wannan kuma sai an yi rashin sa'a na gaske.

Ƴar Linux: Bidiyon kamun amaryar mutane ne fa. Rashin sa'ar sau ɗaya ya isa.

Tsohon Injiniya: Ku bari mu ga taran tukuna. Ƙanena, tagar da ka yi aikin jiya tana buɗe har yanzu? In tana buɗe, kafin ka rubuta wani abu, rubuta wannan:
echo %ERRORLEVEL%
Bayan nan sai wannan:
findstr /C:"ERROR" C:\kwafi.txt

Ɗan Sitidiyo: Na farkon ya ba ni 9. Wato taran nan ce ko? Na biyun kuma ya zubo layuka sun fi talatin, hankalina ya tashi wallahi.

Tsohon Injiniya: Kwantar da hankalinka, amsoshin biyu duk ba abin da kake zato ba ne. Taran farko dacewa ce kawai, ba yawan fayil ba ce. Lambar fita ce, kuma robocopy tara lambobi yake yi. 1 na nufin an kwafi wasu fayiloli. 2 na nufin akwai abin da ke wurin saukar da babu shi a wurin asali. 4 an samu saɓani, misali abu folda ne a nan amma fayil ne a can. 8 wasu sun ƙi kwafuwa. 16 kuma aikin bai ma tashi ba, kamar a ce ka rubuta hanya ba daidai ba. Kai ka samu 8 da 1, shi ya ba ka 9: an kwafi wasu, wasu sun ƙi. Ƙa'idar ita ce daga 8 zuwa sama akwai matsala. Wannan ya sha kayar da masu rubuta ƙananan shirye-shirye, domin kusan duk sauran manhajoji 0 ne nasara, sai mutum ya ga 1 ya ce an gaza, alhali a robocopy 1 ce amsar da kake fata.

Layukan kuwa, kai ka ce masa /R:2, wato ya sake gwadawa sau biyu. Kowane fayil ɗin da ya ƙi zai fito sau uku, sannan layi na huɗu mai cewa RETRY LIMIT EXCEEDED. Waɗannan na huɗun za ka ƙirga, za ka samu tara. Kuma ka gode Allah ka saka /R:2 ɗin. In ba ka saka ba, robocopy sau miliyan ɗaya yake sake gwadawa, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowanne. Da yanzu yana nan maƙale a kan fayil na farko tun tsakar dare.

Ɗan Sitidiyo: Na ƙirga, tara ne. Iri biyu ne. Huɗu suna cewa:
ERROR 32 (0x00000020) The process cannot access the file because it is being used by another process.
Duk a foldar Lightroom suke, manhajar da muke gyaran hoto da ita. Sauran biyar bidiyo ne:
ERROR 23 (0x00000017) Data error (cyclic redundancy check).

Tsohon Injiniya: Huɗun farko ƙaramin abu ne. Ka bar Lightroom a buɗe, ya riƙe kundinsa, Windows ya hana a taɓa. Rufe shi ka sake tura umarnin, za su wuce. Amma kada ka raina su, wannan kundin shi ne duk gyaran launin da kuka yi wa hotuna. Biyar ɗin nan na ERROR 23 su ne ba su yi min daɗi ba.

Ƴar Linux: Ni ma. Faifai ne ya kasa karanta wani sashe na jikinsa. Abin tambaya shi ne wanne faifan. A nan rajistar robocopy, wato kwafi.txt, ta ƙare aikinta, sai a koma ta Windows ɗin kansa. Danna tambarin Windows da R, rubuta eventvwr, ka shiga Windows Logs, sannan System. Ta dama akwai Filter Current Log, ka tsayar da lokaci daga jiya da daddare zuwa asuba. Ka nemi waɗanda tushensu disk ne ko Ntfs. Lamba 7 sashe ne ya lalace a faifai. 51 kuskure ne wajen karatu ko rubutu. 153 ya gwada ya kasa ya sake gwadawa. 157 an zare faifai ba sallama, galibi kebul ne ke rawa. In ka ga 55 daga Ntfs, tsarin fayilolin ne ya taɓu. Ka duba kuma ko akwai Kernel-Power 41, wato kwamfutar ta mutu ta tashi ba a kashe ta yadda ya kamata ba.

Ɗan Sitidiyo: Anti, akwai lamba 7 da yawa a jere, wajen ƙarfe biyu na dare. Kowanne na cewa:
The device, \Device\Harddisk1\DR1, has a bad block.
Babu 157, babu 41.

Ƴar Linux: To buɗe Disk Management ka ga wane ne Disk 1. Lambar da ke bayan Harddisk ita ce lambar da ke can.

Ɗan Sitidiyo: D: ne. Na cikin tsohuwar kwamfutar. Sabon shi ne Disk 2.

Ƴar Linux: Alhamdulillah ta wani ɓangaren, sabon bai yi laifi ba. Amma tsohon ya fara tafiya. Ka koma kwafi.txt ka duba lokacin da ke gaban layukan ERROR 23, za ka ga sun faɗo daidai da lokacin lamba 7 ɗin. In rajista biyu da ba su san da juna ba suka yi shaida a minti ɗaya, magana ta ƙare.

Mai Gyara: To ai maganin wannan sananne ne. chkdsk D: /r, ka bar shi ya zagaye, ya gyara wuraren da suka lalace, ka sake kwafa. Na yi wa kwastomomi ba adadi.

Ƴar Linux: Don Allah a'a, ba yanzu ba. chkdsk /r zai bi faifan nan kaf daga farko zuwa ƙarshe yana karanta kowane sashe, yana nacewa a kan waɗanda suka lalace, sannan yana rubutu a kansa. Faifan da ke ciwo ba a sa shi wannan gudun. Kuma abin da yake kira gyara shi ne ya ware sashen da ya mutu ya sa masa alama. In bai iya karanta abin da ke ciki ba, wannan yankin na bidiyon ya tafi, kai kuma fayil zai kwafu lafiya lau, rajista ta ce FAILED sifili, ka ɗauka ka tsira.

Mai Gyara: Amma dai zai kwafu. Kwastoma abin da yake so ke nan, ya ga kayansa.

Ƴar Linux: Ya ga sunan kayansa dai.

Tsohon Injiniya: Ina tare da Hajiya a nan, amma Mai Gyara bai yi ƙarya ba, akwai ranar chkdsk. Ranarsa ita ce bayan an kwashe duk abin da za a iya kwashewa. Tsari ne kawai ya bambanta ku.

Ƴar Linux: Abin da zan yi in ni ce: in tashi kwamfutar da Linux daga filash, in sa ddrescue, manhajar ceto bayanai, a kan bidiyon biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Shi yana fara ɗebe wuraren da ke karantuwa da sauri, ya tsallake masu ciwo, sai daga baya ya dawo musu a hankali. Yana kuma ajiye taswirar inda ya samu da inda ya rasa, ko wuta ta ɗauke zai ci gaba daga inda ya tsaya. A ƙarshe zai faɗa maka ƙarara kaso nawa ya ceto. Bidiyo mai giga huɗu da ya rasa 'yan kilobayit sau da yawa yana buɗewa, sai dai hoto ya ɗan yage na ƙiftawar ido a wuri ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Wani ɗan ƙarin bayani ga 'yan uwa na wajenmu. In Windows ɗinka na Faransanci ne, robocopy ma da Faransanci yake rubuta rajistarsa. ERREUR za ka gani, gidan FAILED kuma ÉCHEC. Wanda ya kwafi umarnin Injiniya ya nemi ERROR zai iya ganin allo fes ya ce lafiya lau. Ni 0x0000 nake nema, wannan ba ya canzawa ko da wane harshe ne. Lambar fita ma haka.

Tsohon Injiniya: Allah ya saka da alheri, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba.

Ɗan Maraɗi: Amin. Sai tambaya ga mai matsalar: sabon had-dis ɗin, a ina aka saye shi, kuma ka gwada shi kafin ka zuba masa kaya? Dalilin tambayata, akwai jabun da ake shigowa da su, an rubuta tera biyu a jiki, Windows ma tera biyu yake gani, alhali abin da ke ciki ɗan ƙaramin ma'aji ne da aka yi wa dabara. Kana zuba masa yana karɓa, ba ya musu, in ya cika sai ya riƙa rubutawa a kan na baya ko ya zubar. Sunayen fayil da girmansu duk suna nan. Robocopy zai ce an kwafa, FAILED sifili, rajistar Windows shiru. Sai ranar da ka buɗe.

Mai Gyara: Wannan kam gaskiya ne, an sha kawo min irinsu, filash ma sun fi yawa. H2testw nake sa musu, ya cika su da bayanai ya sake karantawa. Na jabu ba ya tsallakewa.

Ɗan Sitidiyo: Oga ne ya sayo a kwalinsa, da rasit. Amma ban gwada ba. Yanzu kuna nufin ko FAILED ya koma sifili ban tsira ba?

Tsohon Injiniya: Abin da ya kamata ka fahimta ke nan. Rajistar robocopy kamar takardar direban mota ce: buhu ɗari aka ɗora, buhu ɗari na sauke, ga sa hannu. Bai kwance bakin buhu ko ɗaya ba. Robocopy yana miƙa wa Windows bayanai, Windows ya ce na karɓa, shi ke nan ya rubuta an kwafa. Ba ya komawa ya karanta abin da ya sauka. In ka sake tura shi ma, girma da lokacin gyara kawai yake kwatantawa, in sun dace ya jefa fayil ɗin a Skipped. Don haka rajista tana da ƙarfi wajen faɗa maka abin da ya ƙi, amma shaidarta a kan abin da ya wuce tana da iyaka.

Ƴar Linux: Rsync, manhajar kwafar fayil da muke amfani da ita a Linux, ya ɗan fi shi a nan, domin yana lissafa hash na kowane fayil, wato lambar shaida da ake fitarwa daga abin da ke cikinsa, yayin turawa ya kwatanta da abin da ɗaya ɓangaren ya karɓa. Amma ko shi ba ya komawa ya karanto daga jikin faifai bayan an rubuta. Shi ya sa nake sake tura shi da -c da -n, ya karanta ɓangarorin biyu ya lissafo masu bambanci ba tare da ya taɓa komai ba. Nasa lambobin: 0 lafiya, 23 wasu ba su wuce ba saboda kuskure, 24 wasu sun ɓace daga wurin asali ana cikin aiki.

Ɗan Sitidiyo: Ni Windows gare ni Anti. Mene ne nawa?

Tsohon Injiniya: PowerShell. Amma kafin nan ka cire sabon faifan ta hanyar Eject, ka sake kashe kwamfutar ka kunna, sannan ka maida shi. Dalili, Windows na riƙe abin da ya taɓa kwanan nan a ƙwaƙwalwarsa, kada ka tambayi faifai ƙwaƙwalwa ta amsa maka. Sannan:
Get-ChildItem D:\Aiki -Recurse -File | Get-FileHash | Export-Csv C:\tsoho.csv
Get-ChildItem F:\Aiki -Recurse -File | Get-FileHash | Export-Csv C:\sabo.csv
Compare-Object (Import-Csv C:\tsoho.csv) (Import-Csv C:\sabo.csv) -Property Hash -PassThru
Kowane fayil zai samu lamba mai harafi 64 ta SHA-256, wadda ke canzawa gaba ɗaya in ko bayit ɗaya ya sauya. In layi na uku bai fitar da komai ba, ɓangarorin biyu ɗaya ne. Abin da ya fitar, su ne masu matsala, da sunayensu.

Mai Gyara: Yallabai, giga 600 sau biyu? Yaron nan azahar aka ba shi. Ku masu ofis kuna da janareta da lokaci. Mu a kasuwa in ka ce wa mutum ya dawo gobe ya tafi shagon gaba. A buɗe bidiyo goma daga foldoji daban-daban, a ja su zuwa tsakiya da ƙarshe, in suna tafiya shi ke nan.

Tsohon Injiniya: In a ramin USB 3 ya saka, mai shuɗin ciki, kowane ɓangare kamar awa biyu ne. In a tsohon rami ne na USB 2, sabon faifan kaɗai zai ci awa biyar ko fiye. Gwajin bidiyo goma zai kama faifan jabu, na yarda, in ka haɗa da waɗanda aka kwafa da farko da na ƙarshe. Ba zai kama fayil ɗaya da ya lalace cikin dubu arba'in ba. In kayan da za a iya sake saukewa daga intanet ne, ni ma ba zan ɓata lokaci ba. Biki kuwa ba a maimaita shi.

Ƴar Linux: Sai dai ni ina da ja a kan layinku na farko, Yallabai. Ɗazu na hana chkdsk saboda kada a wahalar da tsohon faifan, yanzu kuma za mu sa shi ya karanta giga 600 daga farko?

Tsohon Injiniya: Kin yi gaskiya, amma karatu ne zalla, ba rubutu, kuma babu wata hanyar sanin abin da ke sabon daidai yake da na tsohon. Abin da za a gyara shi ne jeri. A fara ceto biyar ɗin nan, su ne ba su da kwafi ko'ina. Sannan a kwafi sabon faifan zuwa wani wuri na uku. Sai a yi hash. In tsohon ya mutu ana cikin lissafi, ba a rasa abin da ba a riga an kwashe ba.

Ƴar Linux: Da wannan jerin na yarda.

Ɗan Maraɗi: Wannan ya tuna min da abin da ya samu kamfanin GitLab a ƙarshen Janairun 2017. Wani ma'aikacinsu ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka koma neman ajiyar ko-ta-kwana, ashe wadda ake yi da pg_dump ta daɗe ba ta aiki, saboda sigar manhajar ba ta dace da ta rumbun ba. Kuma tana aika saƙon kuskure ta imel, amma saƙon ba ya isa ga kowa, ana ƙin karɓarsa a hanya. Sun yi asarar bayanan kusan awa shida. Su da kansu suka wallafa bayanin yadda abin ya faru.

Mai Gyara: To in manya irin waɗannan sun faɗa, mu 'yan kasuwa a yi mana uzuri.

Ɗan Sitidiyo: Na dawo. Na rufe Lightroom na sake tura umarnin, amma na canza sunan rajistar zuwa kwafi2.txt don kada ya goge ta jiya. Copied 6, Skipped 41868, FAILED 3. Wato huɗun Lightroom sun wuce, bidiyo biyu ma sun wuce da kansu a wannan karon. Saura uku.

Tsohon Injiniya: Ka yi dabara da ka canza suna, /LOG rubutawa yake a kan tsohuwar, /LOG+ ne ke ƙarawa a ƙasa. Biyun nan da suka wuce yanzu ka sa musu ido na musamman, ka kalle su daga farko har ƙarshe. Kuma ka daina maimaita robocopy a kan ukun, ka bar wa ddrescue. Wani gargaɗi kuma: in wani ya ce ka ƙara /MIR, ka sani yana goge duk abin da ke wurin saukar da babu shi a wurin asali. Ka juya D: da F: sau ɗaya, ka ga aiki.

Ɗan Sitidiyo: Na nuna wa oga layukan bad block ɗin. Da farko ya ce dogon turanci ne, sai na faɗa masa ɗaya daga cikin ukun bidiyon ɗaurin auren da za a zo karɓa ranar Asabar ne. Ya yi shiru, ya ce a bar wankewar. Ya ce ma ba zai ba ƙaninsa faifan da ke mutuwa ba, za a sa mata SSD, tsohon a ajiye a durowa.

Mai Gyara: Ka duba katin kyamarar da aka ɗauki ɗaurin auren tukuna. In ba a yi wani aiki a kansa ba, wataƙila asalin yana nan, ka huta da duk wannan.

Ɗan Sitidiyo: Kai! Bari in duba jakar kyamara.

Ɗan Sitidiyo: Yana nan wallahi, ba a goge ba. Allah ya saka Malam. Saura biyu ke nan, su kuma na bara ne. Anti, wane Linux zan zuba a filash ɗin, kuma giga takwas zai isa?

Ƴar Linux: Zai isa. Sauke SystemRescue, ddrescue na cikinsa. In ka tashe shi ka rubuta lsblk ka turo min hoton allon kafin ka rubuta wani abu, mu tabbatar wane ne tsoho wane ne sabo.